Gishiri, Sukari da Zama: Yadda Sabubban Cututtuka Masu Daɗewa Suka Yaɗu a Tsakanin Manya a Damagaram

Kawuna manomi ne a wani ƙauye da ke gabas da Mirya. Bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, bai san ɗanɗanon giya ba, kuma duk wanda ya gan shi da hauya a kafaɗa a farkon damina zai shaida cewa babu kitse ko kaɗan a jikinsa. Wata safiya bayan sallar asuba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannun ya ƙi, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe masa. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi, aka yi hayaƙi, aka nemo rubutu, sai a kwana na uku aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kawo shi Damagaram. Da aka ɗaura masa abin awo a damtse, tansiyonsa, wato awon hawan jininsa, ya haura 20 bisa 11, a irin lissafin da ma'aikatan lafiyarmu suke faɗa mana. Bayan makonni, da harshensa ya fara saki, na tambaye shi: "Kawu, kafin wannan lalura an taɓa auna ku kuwa?" Ya dube ni da mamaki ya ce: "Ɗana, me zai kai ni awo, ni da ba na ciwo?"

Wannan amsa tasa ita ce amsar mafi yawan manyanmu, kuma ita ta sa tambayar da nake son warwarewa take da wuya: shin halaye da yanayin rayuwa da ke jawo cututtuka masu daɗewa sun yaɗu har zuwa ina a cikinmu? Cututtukan da ake nufi su ne waɗanda ba a ɗauka daga jikin wani, manyansu kuma huɗu ne: ciwon zuciya da jijiyoyin jini, wanda shanyewar ɓarin jiki ke cikinsa, da sankara, da ciwon sukari, da ciwon huhu mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 waɗannan cututtuka sun kashe aƙalla mutum miliyan 43, daga cikinsu miliyan 18 ba su kai shekara 70 ba, kuma kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka rasu da wuri haka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. A yankin Afirka, rabon waɗannan cututtuka a cikin mace-mace ya tashi daga kashi 24 a shekarar 2000 zuwa kashi 37 a 2019. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda ba su tafi ba. Wani kaya ne aka ɗora bisa wanda muke ɗauke da shi tun da can.

Hanyar da ake bi a gano yawan waɗannan abubuwa a cikin jama'a wani tsari ne na OMS mai suna STEPS, kuma yana da matakai uku. Da farko a yi wa mutum tambayoyi a kan abin da yake ci, da abin da yake sha, da yadda yake motsa jikinsa. Sannan a auna tsayinsa da nauyinsa da ƙugunsa da bugun jininsa. A ƙarshe a ɗiga jininsa a duba sukari da kitse. Nijar ta yi wannan bincike a 2007, ta sake yi a 2021. A ƙarshen irin wannan aiki akan haɗa abubuwa biyar a ƙirga nawa ne suka taru a kan mutum ɗaya: shan taba kullum, cin ganye da 'ya'yan itace ƙasa da kima, rashin motsa jiki, nauyin da ya wuce kima, da hawan jini. Idan aka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, abin da ke fitowa shi ne cewa taswirar haɗarinmu ba ta yi kama da ta Turai ko ta ƙasashen Larabawa ba. Abubuwan da aka fi tsawatarwa a kansu a duniya su ne mafi ƙaranci a wurinmu, waɗanda kuwa suka fi yawa a wurinmu ba mu ma ɗauke su laifi ba, domin a cikin tukunya da butar shayi suke.

Giya ba ta buƙatar dogon bayani. Ta kashe mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019, amma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin shanta, albarkacin addini da tarbiyya, ko da yake duk wanda ya san gari ya san akwai masu sha a ɓoye, kuma mai sha a ɓoye ba zai faɗa wa mai tambaya gaskiya ba.

Taba ta fi giya sarƙaƙiya. A duniya, mutum 1 cikin 5 na manya yana amfani da ita a 2022, wato kusan biliyan 1.25, bayan a shekarar 2000 mutum 1 ne cikin 3. Afirka ce yankin da ya fi ƙaranci, kusan 1 cikin 10, kuma adadin Nijar ma ƙarami ne. Sai dai wannan matsakaicin adadi yana ɓoye gaskiya guda: mata kusan ba sa shan sigari, saboda haka idan aka haɗa maza da mata aka raba, sai adadin ya fito da kyan gani alhali a cikin samari da magidanta abin ya ninka haka. Ga kuma tabar da ba a kunnawa, wadda ake haɗawa da kanwa a cusa a leɓe ko a shaƙa, wadda dattawa maza da mata suke amfani da ita ba tare da sun kira kansu mashaya taba ba, alhali tana jawo sankarar baki kuma tana taɓa jijiyoyin jini. Shisha kuwa ta shigo wa matasa da ƙamshin tuffa da na'ana'a, da ƙaryar cewa ruwa yana tace dafin; zama guda na awa ɗaya a kanta yana iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau ɗari. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun watan Mayu na 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma muddin ana sayar da sigari kara-kara a kan tebur kusa da alawa da ashana, yaro mai 'yan daloli a aljihu ba shi da wani shamaki.

Abin da ya fi kowane yawa, a Nijar da kusan duk ƙasashen Afirka da aka yi wannan bincike, shi ne ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace. Kimar da ake nema giram 400 ce a rana, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar, kuma mafi rinjayen manya, sau da yawa fiye da 8 cikin 10, ba sa kaiwa. Wannan yana da ciwo a jihar da ke da garake irin na Mirya da Gidimuni da Matamaye da Magariya. A lokacin sanyi tumatir da salati da kabeji da karas sukan cika kasuwar Dole har su yi araha, mangwaro ya zo da zafi ya wuce, sannan a shiga watannin da kwanon talaka ba ya ganin ɗanyen abu sai ɗan albasa. Ina ganin ma'aunin yana ɗan tauye mu, domin mai tambaya da takarda a hannu ba lalle ne ya san yadda zai ƙirga kuka da busasshiyar kuɓewa da ke cikin miya ba, ko magarya da goruba da aduwa da ake tsinta a daji. Amma ko an ƙirga su giɓin yana nan. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka mai da zogale da yakuwa da tafasa da rama abincin wahala, wanda ake komawa gare shi idan rumbu ya yi ƙasa, har magidanci ya ji kunyar a ce da dambun ganye aka kwana a gidansa. Ganyen nan yana ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa jiki fitar da gishiri da sassauta jijiyoyi, kuma shi ne abu mafi araha da muke da shi a wannan yaƙi. A daidai lokacin da muke guje masa, farar shinkafa da taliya da burodi suna ture tuwon hatsi da fura daga kwanon mutanen birni, alhali hatsi ya fi su dusa mai amfani kuma ya fi su jinkirin sakin sukari a jini.

Gishiri kuwa, a nan ya kamata a tsaya da kyau. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokali ɗaya, a dukkan abin da zai ci daga safe zuwa dare. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kusa giram 11, fiye da ninki biyu, kuma ana danganta mutuwar kusan mutum miliyan 1.9 a shekara da wannan wuce gona da iri. A Turai mafi yawan gishirin yana zuwa ne daga abincin gwangwani da na masana'anta. A wurinmu hannun mai girki ne yake zuba shi, sai dai ba da sunan gishiri kaɗai yake shiga ba. Na taɓa zama kusa da murhu ina kallon yadda ake haɗa miyar gida mai mutum takwas: an zuba gishiri da tafin hannu, an murtsuke dunƙule huɗu, an ƙara farin magi, an jefa ɗan gutsuren kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, sannan da aka zo ci kowa ya barbaɗa yaji, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Dunƙulen nan kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin magi da kanwa kuma, ko da harshe bai ji su da ɗanɗanon gishiri ba, suna ɗauke da sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke riƙe ruwa a jiki ya matsa wa jijiyoyi. Mai girkin nan ba ta yi ganganci ba. Idan babu nama babu kifi a tukunya, dunƙule ne kaɗai abin da zai sa a yaba miyarta, kuma macen da miyarta ta yi lami ta san maganar da za ta biyo baya. Da can daddawa ce ke wannan aiki, ita kuwa idan ba a cika mata gishiri ba tana ba da ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. Idan aka ƙara kilishi da tsire da balangu da ake ci a waje, da wake da shinkafa da ake dafawa da kanwa, za a ga cewa da wuya a sami magidanci a birnin nan da yake tsayawa a giram 5.

Akwai wani ɓangare na maganar kanwa da ya shafi mata kai tsaye. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta hakan da al'adun jego: kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kwana arba'in, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. An ga irin wannan ciwo da yawa a Nijar ma. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba kanwa kaɗai ce sanadi ba, akwai hannun ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin lokacin ciki, amma babu likitan da zai ce ɗura sodiyam mai yawa a jikin macen da zuciyarta ta gama ɗaukar nauyin wata tara abu ne mai kyau. Iyayenmu mata suna yin haka ne da nufin gyara jiki da kawo nono, don haka gyaran wannan al'ada sai da su, a zauna da su cikin girmamawa.

Sai sukari. Duk wanda ya ratsa Birni ko Zango ko Sabon Gari da yamma zai ga fada a kusan kowace kusurwa, samari a kan benci da tabarma, ƙaramar buta a kan gawayi, ana ɗaga hannu sama ana tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Zagaye uku ne, kuma kowane zagaye da nasa sukarin, wanda ake aunawa da kofin shan kansa. Mutum ɗaya yana iya zama a fada biyu ko uku a yini. Shawarar OMS ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum, wato ƙwaya goma na sukari mai ƙwaya, kuma an fi so a tsaya a rabin haka. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35. Wanda ya karya da shayi mai madarar gwangwani a wurin mai tebur, ya sha kunu ko fura da sukari da rana, ya sha zoɓo mai sanyi saboda zafi, ya rufe da shayin fada, ya wuce kimar tun kafin a kawo maganar alkakin da muke alfahari da shi a biki. Ba na cikin masu zagin fada, domin nan ne matasa da yawa da ba su da aiki suke samun abokan shawara da rufin asiri. Amma fada ta haɗa abubuwa uku a tabarma ɗaya, sukari da sigari da dogon zama, kuma ta haɗa su a kan mutanen da shekarunsu ba su kai a yi musu zancen ciwon sukari ba. A duniya, masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

Rashin motsa jiki ya raba mu gida biyu. A duniya kashi 31 cikin ɗari na manya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa cika minti 150 na motsi a mako, mata kashi 34, maza kashi 29, bisa alƙaluman 2022. Afirka kudu da Sahara tana cikin yankunan da suka fi sauƙin wannan matsala, kuma dalilin a fili yake: fiye da kashi 80 na mutanen Nijar a karkara suke, inda mace ke daka da ɗiban ruwa da itace, namiji ke noma da kiwo. Waɗannan sun cika minti 150 tun kafin ranar Talata. Birni ne ya sauya. Kabu-kabu ya sa tafiyar da iyayenmu suke yi da ƙafa daga unguwa zuwa kasuwa ta zama abin kunya, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, ɗan kasuwa yana zaune a rumfa daga safe zuwa magariba, ma'aikaci yana kan kujera. Matar aure a birni ta fi kowa shiga wannan tarko, domin duniyarta tsakar gida ce, kuma idan ta fita tana tattaki don lafiya sai an tambayi abin da ya same ta. Zafin watan Afrilu da Mayu ma ba ya ƙarfafa wa kowa gwiwa.

Daga nan ƙiba take samun ƙofa. A 2022 kashi 43 na manyan duniya nauyinsu ya wuce kima, kashi 16 kuma suna da ƙiba mai tsanani, wato mutum miliyan 890. Don a gane ma'aunin: mace mai tsayin mita 1.60 ta fara wuce kima idan ta haura kilo 64, ta shiga ƙiba mai tsanani a kusan kilo 77. Namiji mai mita 1.70 kuwa, kilo 72 da kilo 87. Nijar tana cikin ƙasashen da ƙiba ta fi ƙaranci, amma ɗan abin da ke akwai ya taru ne a birane, kuma ya fi yawa a kan mata. Al'ada tana taimaka masa. Idan amarya ta yi jiki sai a ce mijin ya iya riƙo, idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce naira ko sefa ta zauna, wanda ya rame kuwa sai a fara raɗe-raɗin wace cuta ce. Har ta kai wasu 'yan mata suna sayen ƙwayoyin sa ƙiba a hannun masu tallar magani a kan tire, waɗanda wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da ke kumbura jiki, su tayar da hawan jini, su tayar da sukari. A gida ɗaya za ka iya samun uwa mai nauyin da ya wuce kima da yaro mai tamowa, kuma dukansu biyu abinci ɗaya ne ya gaza musu: mai cika ciki, marar gina jiki.

Idan aka tsaya a nan, mai karatu zai ce to ai mu da sauƙi: taba kaɗan, giya kaɗan, ƙiba kaɗan, motsi da yawa. Hawan jini ne ke rushe wannan lissafi. Ana cewa mutum yana da shi idan awonsa ya kai 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, a ranaku biyu dabam-dabam. A duniya mutum 1 cikin 3 na manya yana da shi, adadin ya ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma 1 cikin 5 kaɗai ne magani ya daidaita masa shi. A Nijar, binciken 2007 ya nuna sama da mutum 1 cikin 5, na 2021 kuma ya nuna an wuce 1 cikin 4. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2016, wanda ya kwatanta ƙasashen duniya, ya sa Nijar a sahun farko wajen yawan mata masu hawan jini, tare da Chadi da Mali da Burkina Faso da Somaliya, inda kusan mace 1 cikin 3 ke ɗauke da shi. Waɗannan ba ƙasashen masu kuɗi ba ne, kuma matan da ake magana a kansu mafi yawansu ba su taɓa zama a ofis ba. Duk wanda yake cewa tansiyo ciwon alhazai ne, alƙaluma sun ƙaryata shi.

To me ya sa siririn manomi kamar kawuna ya kamu da hawan jini? Ruwa ba ya tsami banza. Gishiri da kanwa suna ciki, ƙarancin ganye yana ciki, gado da shekaru suna ciki, haka ma ciwon ƙoda da ba a gano ba, da magungunan kashe ciwon jiki da manoma da 'yan dako ke sha kamar gyaɗa don su iya aikin gobe, waɗanda ke lalata ƙoda a hankali su tayar da jini. Amma akwai wani sanadi da ya fi waɗannan zurfi, wanda nake ganin ya fi shafar jiharmu. Wani likitan Ingila mai suna David Barker ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya da sukari idan sun girma. An ga haka kuma a kan 'ya'yan matan da suke da ciki lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945. Jikin da ya ginu cikin rashi yana fitowa da ƙoda mai ƙarancin matata da tsarin da ya saba da tattali, saboda haka idan daga baya ya haɗu da gishiri da sukari da mai, ya fi saurin karyewa. Jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a da mutum sama da miliyan 3.5, tana cikin waɗanda tsumburewar yara ta fi tsanani, har takan kai rabin yara ƙanana. Jariran da suka tsira daga yunwar 2005 yanzu samari ne da 'yan mata, su ne ke zaune a fada, su ne ke shiga ɗakin aure. Ke nan yaƙi da tamowa a yau shi ne rigakafin shanyewar jiki na shekaru arba'in masu zuwa.

Hayaƙin murhu ma bai cika shiga jerin halayen rayuwa ba, amma ya cancanci shiga. Gurɓatar iskar cikin gida tana kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara a duniya, kuma macen da ta shekara talatin tana hura itace da kara a madafi marar taga tana iya samun huhun mashayin sigari ba tare da ta taɓa riƙe kara ɗaya ba.

Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da kalmar salon rayuwa idan ana maganar mutanenmu, domin tana sa a ji kamar kowa zaɓa ya yi. Wani ɓangaren zaɓi ne, babu shakka: babu wanda ya tilasta wa saurayi shisha, babu wanda ya hana magidanci taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, kuma rage dunƙule daga huɗu zuwa biyu ba ya cin ko dala. Harshe ma yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan aka rage a hankali. Amma wanda jika ɗaya ce kuɗin cefanensa na yini ba zai sayi ayaba da lemo wa mutum takwas ba, kuma mai dafa abinci da itace ba don ta ƙi gas ba ne. Wa'azin likita kaɗai ba zai gyara abin da aljihu da kasuwa suka tsara ba. Akwai aikin da na hukuma ne: haraji a kan taba da lemon kwalba, iyakance gishirin da masana'antu ke zubawa a dunƙule da burodi, tallafa wa masu garake da hanyar adana kayan lambu don su kai bazara. Ƙasashen duniya sun yi alkawarin rage mutuwar wuri daga waɗannan cututtuka da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030, kuma lokacin ya ƙarato.

Wani abin da ke rufe mana ido shi ne ƙuruciyar al'ummarmu. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, don haka idan aka duba ƙasa baki ɗaya sai a ga kamar matsalar ta 'yan tsiraru ce. Amma haɗarin yana taruwa ne da shekaru, kuma abubuwan ba ɗaiɗai suke zuwa ba: ɗan kasuwa mai shekara 50 da ke zaune a rumfa, mai tumbi, mai shan shayi da lemo, wanda ba ya cin ganye, ya riga ya tara aƙalla uku daga cikin abubuwa biyar ɗin nan da binciken STEPS ke ƙirgawa, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Tsarin lafiyarmu kuwa an gina shi ne don ciwon da ke zuwa ya tafi. Kulawa kyauta da aka kawo a tsakiyar shekarun 2000 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, kuma ta ceci rayuka masu yawa, amma dattijo mai hawan jini magani yake buƙata kowace rana har ƙarshen rayuwarsa, daga aljihunsa. Shi ya sa da yawa suke sha wata ɗaya, su ji ciwon kai ya lafa, su ajiye, su ce sun warke. Hawan jini ba ya warkewa ta haka. Yana nan yana cin jijiyar ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido a ɓoye, har ranar da za a kwashi mutum zuwa babban asibiti, inda kuɗin jinyar mako ɗaya ya fi na maganin shekara.

Awon kansa ba ya ɗaukar minti biyar. Mutum ya zauna ya huta, ya jingina bayansa, ya ɗora hannu a kan tebur, a ɗaura, a karanta, a sake wata rana don a tabbatar. Ana yinsa a cibiyoyin lafiya na unguwa da na ƙauye, da wasu shagunan magani. Da na koma ƙauyen kawuna bayan girbi, na tafi da ɗan ƙaramin injin awo mai batir, muka zauna a zaure bayan la'asar. Shi yanzu yana jan ƙafar hagu, yana shan ƙwayarsa kowace safiya, an kuma raba masa tukunyar miya. Matarsa, wadda ta yi jinyarsa wata da watanni, siririya ce kamar kara, kuma ta daɗe tana kukan jiri da ciwon ƙeya tana cewa rana ce. Na ce mata: "Inna, ku kawo hannunku mu gani." Ta yi dariya ta ce ita ai ba ta da jikin tansiyo, amma ta miƙo. Injin ya nuna 17 bisa 10. Muka bari ta huta, muka sake, bai sauka ba. Ranar Lahadi, da za a tafi kasuwar Mirya, aka biya da ita cibiyar lafiya, aka tabbatar, aka ɗora ta a kan magani.